Masu son kallon taurari, ku yi amfani da Nuwamba kafin hazo ya rufe

'Yan uwa, damina ta wuce, gajimare ya janye, hunturu kuma bai gama turnuƙe mana Maradi da ƙura ba. Wannan ɗan tsakanin shi ne lokacin kallon sama.

Bayan magariba ku fuskanci gabas, za ku ga Kaza da 'ya'yanta ta fito, 'yan taurari cure wuri guda. Mai ido sosai yakan ƙirga shida ko bakwai. Wajen ƙarfe tara sai taurari ukun nan da ke jere a miƙe su biyo baya. In kun bi layinsu zuwa ƙasa, daga baya Sirius za ta ɓullo, ita ce ta fi kowace tauraruwa haske da dare, tana walƙiya fari da shuɗi.

Abin da na fi so shi ne daren 17 zuwa 18 ga Nuwamba, lokacin zubar taurarin da ake kira Leonids. Ba taurari ba ne na gaske, ƙurar da tauraruwa mai wutsiya Tempel-Tuttle ta bari ce ke ƙonewa a iskar duniya. Sai bayan tsakar dare zuwa asuba ake ganinsu, kuma sai da haƙuri. Na 13 zuwa 14 ga Disamba, Geminids, sun fi su yawa, in hazo ya bari.

Ku duba kwanan wata, farin wata yana shafe su. Ku nisanci fitilu, ku ajiye waya kamar minti 20 ido ya saba da duhu. A shimfiɗa tabarma a kwanta rigingine, a zo da bargo, sanyin asuba ba wasa.