Yadda Ake Zaɓar Robar Taga Domin Ɗakin Ajiya na Lambu

Ɗan ɗakin katako da ake kafawa a ƙarshen lambu domin ajiye shebur, manjagara, injin yankan ciyawa da buhunan taki yakan zo da taga ɗaya ko biyu, kuma galibi tagar ce ke fara lalacewa tun katakon bai tsufa ba. Wani lokaci gilashi ne siriri wanda ƙwallon yara ko tsakuwar da injin ciyawa ya cilla ta farfasa. Wani lokaci kuma roba ce mai araha wadda rana ta dafa har ta koma rawaya, ta yi ƙarau, ta tsage daga kusurwa. Wanda ya tashi sauya ta zai tarar da faifan roba iri-iri da suka yi kama da juna a ido, dukkansu garau kamar ruwa, amma halinsu ya bambanta ƙwarai idan suka sha rana da sanyi. Saboda haka, kafin a tambayi farashi, ya kamata mutum ya tambayi kansa abin da ya kashe tsohuwar tagar: duka ne, ko rana ce, ko kuwa matsi ne a cikin firam. Amsar wannan tambaya ita ce rabin zaɓin.

Akwai dalilai biyu da suka sa ake fifita roba a kan gilashi a irin wannan ɗaki. Na farko shi ne nauyi, domin robar taga ba ta kai rabin nauyin gilashi mai kauri ɗaya da ita ba, wanda hakan ke rage wa siririn firam ɗin katako da hinjinsa wahala. Na biyu shi ne hatsari, domin ɗakin katako yana motsi da sauyin yanayi, katakon ya kumbura da damshi ya kuma tsuke da bushewa, gilashi kuwa ba ya lanƙwasawa, idan ya fashe sai ya bar tsinke masu kaifi a inda mutane ke tafiya ko durƙusawa suna aiki.

Mafi arha a cikin robobin ita ce folistarin, kuma da ita masu ƙera ɗakuna masu rahusa suka fi rufe taga. Ba sai an daɗe a kanta ba. Tana da saurin karyewa, ba ta jure hasken rana, tana yin rawaya tana dusashewa, kuma tana iya tsagewa tun ana yankanta. Idan ɗakin na wucin gadi ne za ta iya rufe gurbi na ɗan lokaci, amma wanda yake so ya yi aiki sau ɗaya ya huta ya tsallake ta.

Gasar gaskiya tana tsakanin akirilik da folikabonet. Akirilik ita ce wadda aka fi sani da sunayen kasuwa irin su Perspex da Plexiglas. Kamfanin Röhm da Haas na Jamus ne ya yi wa sunan Plexiglas rajista a 1933, kamfanin ICI na Ingila kuma ya fito da Perspex a cikin shekarun 1930, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi amfani da ita sosai wajen rufin mazaunin matuƙan jiragen sama. Babbar falalarta ita ce haske: tana barin kusan kashi 92 cikin ɗari na haske ya wuce, wanda ya ɗan ɗara na gilashin taga na yau da kullum. Falala ta biyu, wadda a ganina ta fi muhimmanci ga tagar da za ta shekara a waje, ita ce jurewar rana tana cikin jikinta, ba shafa mata aka yi ba, saboda haka ba ta saurin yin rawaya. Fuskarta ta fi ta folikabonet tauri, ba ta saurin karcewa, kuma idan ta sami ƙananan karce ana iya goge su da man goge roba ta dawo da sheƙinta. Ta fi gilashi jure duka sau da yawa, amma tana da iyaka, domin idan dukan ya yi ƙarfi za ta tsage, sai dai takan rabu gida-gida manya waɗanda ba su kai tsinken gilashi kaifi ba. Tana kuma cin wuta idan gobara ta kama, abin da mai ajiye fetur ɗin injin ciyawa a ɗakin ya kamata ya tuna.

Akirilik kanta iri biyu ce: wadda aka zuba a mazubi da wadda aka tura ta cikin inji aka miƙar. Ta mazubi ta fi tsada, ta fi daɗin yanka da hudawa, ta inji kuma ta fi arha, kaurinta ya fi daidaita daga gefe zuwa gefe. Ga ƙaramar tagar ɗakin ajiya ta inji ta wadatar, muddin an bi ta a hankali wajen huda.

Folikabonet ta zo daga baya. An gano ta a 1953 a wurare biyu kusan lokaci ɗaya, a hannun Hermann Schnell na kamfanin Bayer a Jamus da Daniel Fox na kamfanin General Electric a Amurka, inda ta fito kasuwa da sunayen Makrolon da Lexan. Ita ce ake yin garkuwar 'yan sandan kwantar da tarzoma da tabarau na kariya da ita, kuma wannan ya isa ya nuna ƙarfinta. Ana iya dukan faifanta da guduma ya lotsa bai fashe ba. Amma wannan ƙarfi yana da farashi. Fuskarta tana da laushi, har goge ƙura da busasshen tsumma yana barin zane-zane sirara da ke fitowa fili idan rana ta haska, kuma ba a goge su cikin sauƙi kamar na akirilik. Haskenta ya ɗan gaza, kusan kashi 88 zuwa 90 cikin ɗari, bambancin da ido ba zai lura da shi ba a ɗakin ajiya. Abin da ya fi damuwa shi ne rana: folikabonet tsirara tana yin rawaya tana rasa ƙarfinta, don haka masana'anta ke yi mata shafe na kariya daga hasken ultrabayolet, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani. Wasu faifan an shafe su ta fuska biyu, wasu ta fuska ɗaya kawai, kuma ana rubuta wannan a jikin ledar kariya da ke manne da faifan. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure: su ɓare ledar gaba ɗaya kafin su ɗora faifan, sannan su kasa gane wace fuska ce ta waje, domin da zarar an cire ledar babu wata alama da ido zai gani. A bar ledar a jiki har sai an ɗaura, a ɗaga gefenta kaɗan inda zai shiga firam, a cire sauran nan da nan bayan an gama, domin idan ta daɗe a rana takan manne ta ƙi fita.

To wanne za a ɗauka? Idan tagar tana fuskantar filin wasan yara, ko tana ƙarƙashin bishiya mai zubar da rassa, ko ana fargabar ɓarawo saboda kayan aiki masu tsada, folikabonet mai shafe ita ce daidai. Idan kuwa ɗakin yana wuri mai natsuwa, ana aikin hannu a ciki, ana son gani garau na shekaru masu yawa, akirilik ta fi dacewa, kuma yawanci ta fi sauƙin kuɗi. Ga mafi yawan ɗakuna ni akirilik nake zaɓa, domin rana da tsumman gogewa suna samun taga kullum, duka kuwa sai jifa-jifa. Game da tsaro akwai abin lura: faifan da ba ya fashewa yana lanƙwasawa, saboda haka mai ƙarfi zai iya tura sirirensa ya fita daga firam ɗungurungum. Ƙarfin tagar bai wuce ƙarfin abin da ya riƙe ta ba, don haka a ɗaure sandunan riƙo, wato siraran katakon da ke riƙe faifan a firam, daga ciki. Kuma idan ba a buƙatar leƙen waje, faifai mai hazo wanda ke shigar da haske amma yana ɓoye abin da ke ciki ya fi kowace dabara rage kwaɗayin mai leƙe.

Akwai kuma folikabonet mai bango biyu, wadda ke da ramuka dogaye a tsakiya kamar kwalin ɗaukar kaya. Iskar da ke cikin ramukan tana rage fitar ɗumi, shi ya sa ake son ta a ɗakin renon tsirrai, sai dai ba a gani ta cikinta sarai. Idan an zaɓe ta, ramukan su tsaya a tsaye daga sama zuwa ƙasa domin raɓa ta gangaro, a toshe bakin sama da tef marar huda, a rufe na ƙasa da tef mai numfashi. In ba haka ba ƙura da ƙwari da gansakuka za su shiga, kuma babu hanyar wanke su.

Batun kauri ya dogara da faɗin tagar. Faifai mai milimita 2 yana iya rufe ƙaramin gurbi, amma yana kaɗawa yana ƙara idan iska ta taso. Milimita 3 shi ne matsakaici ga tagar da aka saba gani, idan kuwa gefe ɗaya ya haura rabin mita sosai gara a hau zuwa milimita 4. Kafin a yanke shawara a auna zurfin gurbin da ke jikin firam, kada a sayo mai kaurin da ba zai bar wa sandar riƙo wurin zama ba.

Sai maganar da ta fi lalata tagogin roba, wato matsi. Roba tana buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi fiye da gilashi kusan sau bakwai ko takwas. Akirilik tana ƙara kusan milimita 0.07 a kowace mita idan zafi ya hau da digiri ɗaya a ma'aunin Celsius, folikabonet kuma ƙasa da haka kaɗan. Wannan yana nufin faifai mai tsawon mita ɗaya zai motsa kusan milimita 3 idan bambancin zafi tsakanin daren hunturu da tsakar ranar bazara ya kai digiri 40. Idan aka yanka shi cif da gurbi, ba shi da inda zai miƙe, sai ya yi tumbi a tsakiya ko ya tsage. Saboda haka a auna faɗi da tsayi a wurare biyu ko uku, tunda firam ɗin katako ba kasafai yake zama daidai ba, a ɗauki awo mafi ƙanƙanta, sannan a rage kusan milimita 3 a kowace mita.

Hanya mafi aminci ta ɗaurawa ita ce a zaunar da faifan a cikin gurbi, a riƙe shi da siraran sandunan katako a gefuna huɗu, kusoshin su shiga katako ba tare da sun ratsa robar ba. Idan dole ne a huda, ramin ya fi sukurun faɗi da milimita 2 ko 3, ya yi nesa da baki, a sa katako a ƙarƙashi, a huda a hankali ba tare da dannawa ba, a kuma sa wosha ta roba. Duk wanda ya taɓa ɗaure sukuru a kan akirilik ya san wannan ɗan sautin ƙas da ke fitowa idan an ƙara juyi ɗaya na ƙarshe, sai a ga farin layi ya tashi daga ramin ya nufi gefe. A tsaya da zarar woshar ta zauna. Wajen toshe ruwa kada a yi amfani da abin liƙe gilashi mai taurarewa, domin ba ya bin motsin roba. A nemi silikon wanda aka rubuta cewa ya dace da roba, a guji mai warin tsami, musamman a kan folikabonet.

Yanka bai da wuya idan an tallafi faifan da kyau. Siririyar akirilik ana iya jan layi a kanta sau da yawa da wuƙar yankan roba a bin ƙarfen awo, sannan a ɗora layin a bakin tebur a karya da dannawa ɗaya. Folikabonet ba ta karyewa haka cikin sauƙi, zarto mai ƙananan haƙora take so. Masu sayarwa da yawa suna yankawa bisa awon da aka ba su, wanda yakan fi arha idan aka kwatanta da faifan da aka ɓata a gwajin farko.

Bayan an ɗaura, wanki ne zai nuna tsawon ran tagar. A fara zuba ruwa ya sauke ƙura, sannan a wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu da tsumma mai laushi. Ruwan goge gilashi mai amoniya, asiton, tina da fetur duk suna dusasar da roba ko su haifar mata da ƙananan tsaga masu kama da saƙar gizo, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa. Idan za a yi wa firam fenti ko maganin katako, a yi kafin a saka faifan, a bar shi ya bushe sarai.