Yadda za ka shiga kwamitin makarantar unguwarku ka bi sawun kuɗinta

Duk mai yaro a makarantar gwamnati a Kaduna ya san ƙorafin nan, aji ba benci, rufi na yoyo, malami ɗaya yara cunkus, ga shi kuma duk ƙarshen shekara za ka ji a rediyo an ce ilimi ne ya kwashi kaso mafi tsoka, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kasafin jiha. To ina kuɗin ke shiga? Zaman majalisar ƙofar gida ana ta zagin gwamnati ba zai ba ka amsa ba wallahi. Akwai hanyar da ake bi, ba wata mai wahala ba ce, naci kawai take so da ɗan zirga-zirga.

Fara sanin waye mai makarantar tukuna. Mutane da yawa a nan suke ɓata lokacinsu, su kai kukan firamare ma'aikatar ilimi, a ce musu ba nan ba ne, su dawo suna cewa an wulaƙanta su. Firamaren gwamnati, wadda muke cewa LEA, tana ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, LGEA, kuma kowace daga ƙananan hukumomi 23 na jihar tana da tata, da sakataren ilimi wanda kowa ke kira ES. A saman su akwai SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, a saman SUBEB kuma UBEC, ta tarayya, a Abuja. Babbar sakandare ita ce ta ma'aikatar ilimi kai tsaye da ofisoshinta na shiyya. A maganar firamare, in kana Rigasa ko Rigachikun, ofishinka LGEA ta Igabi ce. Tudun Wada da Kakuri, Kaduna ta Kudu. Kawo, Badarawa, Unguwar Rimi, Kaduna ta Arewa. Sabon Tasha kuma Chikun. Ƙaramar sakandare ce ke rikita mutane, don haka ita ka tambayi firinsifal ɗin kai tsaye wa suke kai wa rahoto.

Abu na biyu da ya kamata ka gane, mu nan ba kamar Amurka ba ne inda mutanen gari ke jefa ƙuri'a su zaɓi hukumar makarantunsu. Ciyaman ɗin SUBEB gwamna ne ke naɗa shi, ES ma naɗi ne. Zaɓen da hannunka zai iya kaiwa a harkar makaranta biyu ne kacal, na PTA, ƙungiyar iyaye da malamai, da na SBMC, kwamitin makaranta na al'umma, kuma ni a ganina na biyun ne mai ƙarfi, shi ne kuma wanda mutane suka fi yin sakaci da shi.

SBMC kwamiti ne na al'umma da ke sa ido kan tafiyar da makaranta, tsarin ƙasa ne, kuma a Kaduna ya kafu sosai lokacin ESSPIN, shirin tallafa wa ilimi da Birtaniya ta ɗauki nauyi, wanda aka fara a 2008. Bambancinsa da PTA shi ne ita PTA ta iyaye da malamai ce kawai, shi kuwa SBMC na unguwa ne gaba ɗaya. A ciki akwai hedimasta, wanda yawanci shi ne sakatare, wakilan malamai, wakilin mai unguwa ko hakimi, malaman addini, wakilan mata, matasa, masu sana'ar hannu, tsofaffin ɗalibai, wakilin PTA, har da yara biyu mace da namiji daga cikin ɗaliban. Ka ga ke nan ko ba ka da yaro a makarantar za ka iya shiga.

Yadda za ka shiga ɗin. Je wurin hedimasta da safe bayan an gama asambili, ba lokacin tashi ba da kansa ke zafi. Ku gaisa sosai, ka faɗi sunan yaronka da ajinsa, sannan ka ce ranka ya daɗe ina so in san 'yan SBMC ɗinmu da ranar da suke mitin. Kar ka shiga da fuskar bincike, in ya ji ƙanshin ka zo tona asiri ne zai rufe bakinsa, kai ma da kai ne haka za ka yi. Tambayoyi uku za ka fito da amsarsu: su waye a kwamitin, yaushe aka kafa su, yaushe wa'adinsu zai ƙare. In ya fara inda-inda, ko ka ga sunayen duk 'yan gida ɗaya ne, ko ciyaman ɗin ya bar unguwar tun tuni, to kwamitin takarda ne, kuma irinsu suna da yawa. Sai ka wuce LGEA ka nemi sashen wayar da kan jama'a, su ne ke riƙe da fayil ɗin SBMC na kowace makaranta, su ne kuma ke zuwa su tsaya in za a sabunta kwamiti.

Kar ka je kai kaɗai. Samu mutum huɗu ko biyar, ka tabbatar akwai mata a ciki don su ne suka san abin da ke faruwa a makarantar fiye da mu maza, su ke kai yara su ke jin labarin wane malami ne bai zo ba. Ku je ku gaida mai unguwa, ku sanar da liman ya faɗa bayan sallah, in unguwar akwai coci a sanar a can ma. Ku rubuta takarda gajera zuwa ga ES ta hannun hedimasta cewa al'umma na neman a kira taro a sabunta kwamiti, ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku riƙe. Wannan kwafin mai hatimi kar ku yi wasa da shi, duk takardar da za ku kai kowane ofis haka za ku riƙa yi.

Ranar zaɓen kowane rukuni shi ya kamata ya fitar da wakilinsa, mata su zaɓi tasu, matasa nasu, ba wani babba ya zauna ya lissafo sunaye a ce an amince ba. Kujerar da kowa ke rububi ita ce ta ciyaman, amma in kana son ganin gaskiyar kuɗi ka nemi ma'aji, ko ka tabbatar wanda aka ba ya iya karanta takardar banki kuma ba yaron kowa ba ne. Kuma don Allah ku guji ɗora ɗan siyasar da ke neman kansila, zai mayar da mitin ɗin kamfen, in ya faɗi zaɓe kuma ba za ku sake ganinsa ba.

Yanzu maganar kuɗin, nan ne aikin yake.

Kuɗin makarantar gwamnati ba ta ƙofa ɗaya suke shigowa ba, kuma mafi yawansu ba sa ma biyowa ta hannun hedimasta, shi ya sa zarginsa da cin kuɗin gini sau da yawa zalunci ne. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cira. Manyan gine-gine kuma yawanci na UBEC da SUBEB ne: dokar ilimin matakin farko, UBE, ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, amma jiha ba ta samun kasonta na gine-gine sai ta ajiye nata kuɗin daidai da wanda za a ba ta, ta kuma kai tsarin ayyukan da za ta yi. Shi ya sa za ka ga an rubuta UBEC/SUBEB da shekara a jikin bangon aji, kuma wani lokaci shekarar da aka rubuta ta girmi ginin, don kuɗin wancan shekarar ne aka makara ba a karɓo ba. Sai ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa. Sai kuɗin masu tallafi, kamar AGILE, shirin ilimin 'yan mata na Bankin Duniya da aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, Kaduna na cikin jihohi bakwai na farko, kuma shi wannan akwai tallafin gyaran makarantun sakandare da ke shiga akawun ɗin SBMC kai tsaye, kwamiti ya yi aikin da kansa. Ka ga dalilin da na ce kar a raina kujerar ma'aji.

To me za ka yi a aikace? Nemi littattafai uku: littafin mitin, littafin shiga da fitar kuɗi, da tsarin ci gaban makaranta, wato takardar da kwamiti ke jera buƙatu bisa muhimmanci. In akwai akawun a banki ka tambayi su wa ke sa hannu, bai kamata mutum ɗaya ya iya cire kuɗi shi kaɗai ba. Kowane zango a fitar da takardar banki a karanta ta a gaban jama'a da Hausa, a manna kwafi a allon sanarwa. Duk abin da aka saya a kawo rasit, buhun siminti nawa, kwano bandir nawa, kafinta nawa ya karɓa. Wani zai ce ai wannan rashin yarda ne, Alhaji wane ba zai ci kuɗin yara ba. Ka ce masa don kare mutuncin Alhajin ne ma ake yi, gobe in wani ya yi masa ƙazafi takarda ce za ta wanke shi.

In kuma ɗan kwangila ne ya zo daga sama, ku ba ku ba shi aikin ba amma ku ne za ku zauna da ginin. Ɗauki hoton allon aikin, sunan kamfani da abin da aka ce za a yi. Ku nemi a nuna muku me kwangilar ta ƙunsa, aji nawa, da benci ko babu, da banɗaki ko babu, don sau da yawa faɗan da ake yi kan abin da tun farko ba ya cikin takarda ne. Ku sa magini ɗaya na unguwa ya riƙa leƙawa, shi zai gane bulo mai yashi da yawa da katakon da bai bushe ba tun kafin a rufe da filasta. Hoto kowane mako, da kwanan wata. In kun ga ha'inci kar ku tsaya cacar baki da lebura, ku rubuta wa ES, kwafi zuwa SUBEB, sannan akwai tsarin Eyes and Ears na hukumar tsare-tsare da kasafi ta jiha da aka yi shi musamman don jama'a su kai rahoton ayyukan gwamnati. Rediyo ku bar shi ya zama makamin ƙarshe, in takarda biyu uku ta tafi shiru sai ku nufi Freedom ko Liberty ko KSMC da kwafin takardunku a hannu, ɗan jarida ya fi ɗaukar mai takarda da muhimmanci a kan mai ihu.

In makarantarku ba ta cikin kowane lissafi kwata-kwata, lokacin shigar da ita shi ne kafin a kai kasafi majalisa, wajen ƙarshen shekara, ba bayan gwamna ya sa hannu ba. Kaduna na da tsarin da al'umma ke rubuta buƙatunsu daga mazaɓa a tura sama, ana kuma yin taron jin ra'ayin jama'a kan kasafi. Ku kama kansilanku da ɗan majalisar jiha tun da wuri, buƙata ɗaya ko biyu, ba ashirin ba. Katanga da banɗakin 'yan mata, misali. Wanda ya kawo jerin abu ashirin yawanci ba ya samun ko ɗaya.

Batun karɓar kuɗi a hannun yara kuma, karatun matakin farko kyauta ne a doka. In an ce a kawo kuɗin tsintsiya ko na jarrabawa ko na alli, tambayi wa ya yanke, a wane mitin, ina rasit. Amma mu ma mu faɗi gaskiya, wani lokacin hedimasta daga aljihunsa yake sayen allin, to gara a zauna a mitin a amince da gudummawar ganin dama a rubuta, da sharaɗin ba a korar yaro don bai kawo ba.

Kar kuɗi ya ɗauke muku hankali daga karatun kansa. Kowa ya tuna 2017 da aka yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa aka ce 21,780 ba su ci ba aka sallame su, aka ɗebi sababbi, har yau ana gardama a kai. Ko wane ɓangare kake, abin da ya shafe ka shi ne malamin da ke ajin ɗanka yau yana zuwa kuwa? 'Yan kwamiti su raba kwanaki, mutum ɗaya ya leƙa da safe ya duba rajistar malamai, ya ɗauki yaro ɗan aji huɗu ya ba shi layi biyu ya karanta. Abin da za ka gani a minti goma ɗin nan ya fi duk rahoton da za a karanta maka a mitin.

Sai labarin makaranta da yaran da suka yi fice, wanda mu ba mu iya tallatawa ba sam. Makarantun kuɗi yaro ɗaya ya ci gasa sai sun buga ƙyallen talla, mu kuwa yarinya za ta zo ta ɗaya a kacici-kacici na ƙaramar hukuma ko ta ci jarrabawar shiga makarantar tarayya, unguwa ba wanda ya sani. Ku buɗe guruf na WhatsApp, admin biyu, doka ɗaya: maganar makaranta kawai, ba siyasa ba tallan atamfa. A riƙa sa ranar komawa hutu, ranar mitin, lokacin rajistar BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, da WAEC da NECO da JAMB, da sanarwar hukumar tallafin karatu ta jiha in ta buɗe. Sanarwar da ba ta fito daga hedimasta ko shafin hukuma ba kar a tura, musamman masu cewa a biya kuɗi a cike fom.

Ƙarshen zango ku yi ɗan taron ba da kyauta ko da littafin rubutu da sabulu ne, a kira iyaye da mai unguwa, a haɗa da malamin da bai taɓa fashi ba. Hoton yara kuma sai da izinin iyayensu kafin a sa a Facebook, kuma kar a rubuta cikakken suna da aji da layin gidansu, kun san halin da ake ciki na tsaro. Sannan ku nemo tsofaffin ɗalibai. Kwalejojin Barewa da Queen Amina suna cin moriyar nasu, firamaren unguwa ma tana da likitoci da sojoji da 'yan kasuwa da suka zauna a ajin nan, ba wanda ya taɓa neman su ne kawai. Tsohuwar rajistar shiga makaranta tana ofishin hedimasta, ku karɓa ku zauna da dattawa biyu na unguwa, su za su gaya muku ɗan wane ne wannan kuma yana ina yanzu.