Yadda muke tara wa makarantarmu ta gwamnati gudummawa a Sakkwato

Ni ne ma'ajin ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu ta sakandare, kuma ba iya lissafi ne ya ba ni muƙamin ba. Ranar da ake raba muƙamai na fita yin alwalar La'asar, kafin in dawo an ɗora mini jakar kuɗi. Tun daga ranar nake yawon neman taimako, daga zaurukan manya zuwa rumfunan Babbar Kasuwa. Abokai daga wasu makarantu suna yawan kirana su ce yaya muka yi har muka samu ruwa da benci, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Kafin ka roƙi ko sisi, ka je makarantar da ƙafarka, kuma ka je lokacin da ake karatu. Ni na je a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40. Na shiga ajin da na yi shekarar ƙarshe a cikinsa, na tarar iskar farkon damina ta bara ta kwashe rabin kwanon, rana ta raba ɗakin biyu, yara sun cure a ɓangaren inuwa, wasu a kan bulo, wasu a kan takalmansu. Famfon da muke layi a gabansa yana nan, amma ya bushe har tsatsa ta ci bakinsa. Da aka tashi tara sai na ga yara suna tsallaka titi a guje don sayen ruwan leda, wanda ba shi da kuɗi ya bi abokinsa ya sha ragowa. Hotuna uku na ɗauka da wayata, kuma su suka yi mana aikin da dogon jawabi ya kasa.

Kuskurenmu na farko, kada ka maimaita shi: mun fara da bikin ƙaddamar da gidauniya. Muka buga kati, muka yi hayar rumfa da kujeru da lasifika, muka gayyato babban mai ƙaddamarwa. Manya suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna alkawarin kuɗi masu nauyi, ana tafi. Bayan wata uku abin da ya shigo hannu da ƙyar ya biya kuɗin rumfa da lemo. In ka kira a ce Alhaji ya yi tafiya. Ban zarge su sosai ba, domin abin da muka ce musu shi ne su taimaki makaranta, kuma makaranta rami ce mai faɗi, ba wanda ya san inda kuɗinsa zai faɗa.

Don haka ka zaɓi abu guda wanda ido zai gani, hannu zai taɓa. Mu ruwa muka zaɓa: rijiyar burtsatse, tanki, da sola mai jan ruwan, don kada a dogara da wuta ko man janareta. Ka samo farashi a rubuce daga masu aikin aƙalla uku, ka raba shi gunduwa-gunduwa: kuɗin haƙa daban, tanki daban, ƙarfen da zai ɗauki tankin daban, bututu da kawunan famfo daban. Mutum ya fi saurin cewa "ni na ɗauki tanki" a kan ya zuba kuɗi cikin jimlar da ba ta da fuska.

Sai takardu. Filin na gwamnati ne, ba ka da ikon kafa ko ƙusa sai da izini. Ka zauna da shugaban makaranta, a rubuta wa Ma'aikatar Ilimi ta hannunsa, ka riƙe kwafin amsar. Ka sa kwamitin kula da makaranta na al'umma da ƙungiyar iyaye da malamai a ciki tun daga farko, in ba haka ba za su ji an tsallake su. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban kuma a yi mata rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, wato CAC, a matsayin ƙungiya mai amintattu. Ana buƙatar tsarin mulki a rubuce da sunayen amintattun, ana buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Da wannan takardar za ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa. Kada ka taɓa yarda a turo kuɗin jama'a cikin asusunka na kanka, ko da na kwana ɗaya ne. Ranar da ka sayi sabon babur, za a ce da kuɗin rijiya ne.

Yanzu ga abin da na ɗauki shekaru kafin in gane: masu bayarwa kashi uku ne, kuma abin da ke buɗe aljihun wannan ba shi ke buɗe na wancan ba.

Tsohon ɗalibi bashi yake biya. Yana tuna malamin lissafin da ya zane shi har ya iya, ko wanda ya biya masa kuɗin jarrabawar WAEC daga albashinsa bai gaya wa kowa ba. Yana kuma jin kunya a ce makarantar da yake alfahari da sunanta ta zama kango. Akwai kuma gasa, kada mu yaudari kanmu. In 'yan shekarar da ke gabanmu suka gyara aji biyu, 'yan shekararmu ba za su yi barci ba sai sun gyara uku. Ka yi amfani da wannan. Kowace shekara ta fitar da wakili ɗaya da zaurenta na WhatsApp, kai kuma da wakilan kawai za ka riƙa magana. Ka tura wa kowane rukuni hoton ajin da suka zauna, ba hoton ƙofar makaranta ba. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci ina saka jerin waɗanda suka bayar a makon, wanda ya ce a sakaya sunansa in rubuta "wani bawan Allah". Ƙaramin kuɗi kowane wata ya fi babban alkawari sau ɗaya. Taron shekara kuwa a sa shi washegarin Babbar Sallah, lokacin da na Abuja da Kaduna da Legas duk suna gida, ba sai an biya wa kowa kuɗin mota ba.

Iyaye lamarinsu daban ne, kuma a nan ake buƙatar taka tsantsan. Wanda ya kawo ɗansa makarantar gwamnati galibi ba shi da halin kai shi ta kuɗi ne. Kada a yanka musu haraji, kada kuma a taɓa korar yaro gida don ubansa bai bayar ba. Wannan ba taimako ba ne, zalunci ne da sunan taimako. Uba yana bayarwa ne don ɗansa yana cikin ajin yau, ba gobe ba, kuma abin da ke hannunsa sau da yawa ba kuɗi ba ne. A cikin iyayen yaranmu mun samu birkila da ya gina ɗakin tanki kyauta, da kafinta da ya ce mu kawo katako da ƙusa kawai, da mai tifa da ya juye mana yashi sau biyu. Ka tambayi kowa sana'arsa kafin ka tambaye shi aljihunsa.

Ranar taron iyaye, bayan an watse, wata tsohuwa mai sayar da fura ta tsaya a bakin ƙofa har na gama tattara takardu. Jikanta take riƙo. Ta kwance bakin mayafinta, ta fito da kuɗi a nannaɗe kamar sigari, duk sun yi laushi da danshin hannu. Na ce, "Inna, ki bar shi, Allah ya ba da lada." Ta ce, "A'a ɗana, wanga ruwa jikana zai sha shi. Rubuta." Na rubuta mata rasit kamar yadda na rubuta wa wanda ya sayi sola, ta ninke shi ta mayar inda kuɗin suka fito. Tun ranar ban sake hana talaka bayarwa ba.

'Yan kasuwa kuma iri biyu ne. Alhajin da ke da shago a kasuwa ko dillalin albasa da ke lodin mota zuwa kudu, lahira yake nema. Ya san hadisin da ya ce idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Rijiya a makaranta ta haɗa biyun farko, ba sai ka yi masa wa'azi ba. Ka je da wanda yake jin nauyinsa, ka je da hantsi kafin ciniki ya kankama, ka gaisa sosai, ka ce "ranka ya daɗe, bututu ne ya rage mana." Mai kayan gini ya fi son ya ba ka kaya a kan kuɗi, kai ma hakan ya fi maka sauƙin bayani. Abu ɗaya da za ka kiyaye: kada ka ce a ba ka zakka don gini. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade mutum takwas da ake ba zakka, kuma malamanmu na Malikiyya ba sa sa gini a ciki. Gini da rijiya sadaka ce ko wakafi. Zakka kuwa ana iya ba ɗalibi matalauci ko maraya mabuƙaci, kuma jihar nan tana da Hukumar Zakka da Wakafi da za ka iya neman shawararta. Watan azumi da bayan kaka su ne lokutan da hannu ya fi sakewa.

Manyan kamfanoni, irin kamfanin siminti na BUA da ke Kalambaina ko bankunan da ke kan titin Kano, da takarda ake magana da su. Suna bayarwa ne don su zauna lafiya da al'ummar da suke cikinta, don sunansu ya fito, kuma don daga irin waɗannan makarantu ma'aikatansu na gobe za su fito. Ka kai wasiƙa mai lambar rajistarku, da izinin ma'aikata, da farashi, da hotuna, ka kai kafin ƙarshen shekara lokacin da ake tsara kasafi. In sun ce a rubuta sunansu a jikin bango, a rubuta. Wanda nake gudu shi ne ɗan takara a shekarar zaɓe, domin da ka sa hotonsa a tanki, rabin masu ba ka sun janye.

Za ka haɗu da mai ce maka ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiyarsa. A 2015 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar nan, kuma har gobe albashin malamai da manyan gine-gine nauyin hukuma ne, muna ci gaba da rubuta musu. Amma yaron da ke aji huɗu yanzu shekara uku ta rage masa, ba zai jira ba. Al'umma ta riƙe karatu da hannunta ba baƙon abu ba ne a garin da a zamanin da 'yan taru, wato mata masu neman ilimi, suke tahowa daga ƙauyuka wurin Nana Asma'u da ɗan abin da suka samu na hatsi da zuma.

In aiki ya kammala, ka manna lissafin a allon sanarwa na makaranta, ka tura shi kowane zaure: abin da ya shigo, abin da ya fita, hoton kowane rasit. Ka kira masu bayarwa ɗaya bayan ɗaya ka yi godiya, har da wanda ya kawo buhun siminti guda. Sannan ka ware kashi ɗaya cikin goma na abin da aka tara don gyara. Mu ba mu yi haka ba da farko, kan famfo ya karye bayan wata biyu, muka kwashe mako uku muna jayayya a WhatsApp kan wa zai saya. Yanzu mabuɗin ɗakin tanki yana hannun maigadi, ɗalibai biyu ke goge ƙurar hunturu daga kan sola duk Litinin da Alhamis, lambar wayar mai gyaran famfo kuma mun rubuta ta da fenti a jikin bango inda kowa zai gani.