Harsashin da ba ya ƙarewa, da sauran kurakuran masu rubuta labarin matuƙan jiragen yaƙi

Cikin wata biyun nan rubutu huɗu aka turo mini in duba, duka na soyayyar matuƙin jirgin yaƙi a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma duka huɗun rami ɗaya suka faɗa. Ramin na san shi, don ni ma na kwana a ciki. Na gaji da bin mutane ɗaya bayan ɗaya ina maimaita magana, gara in faɗa kowa ya ji.

Na farko shi ne harsashin da ba ya ƙarewa. Sai ka ga jarumi ya tashi da Spitfire, jirgin yaƙin Birtaniya, a sararin Ingila a 1940, ya yi ta ɓarin wuta har shafi goma, ya kakkaɓo jiragen Jamus bakwai, ya sauko ko gumi bai yi ba. To jirgin nan bindigogi takwas gare shi a fukafukai, kowace da harsashi kamar 300. In matuƙi ya danna maɓalli bai ɗaga yatsa ba, cikin daƙiƙa 15 ko kusa da haka kayan sun ƙare. Shi ya sa sai an matsa kusa sosai, a saki wuta na daƙiƙa biyu ko uku, a ɗaga hannu.

Ni da tsada na koyi wannan. A labarina na farko babi uku na cika da faɗan sama, ina ji da su kamar me. Na kai wa wani dattijo maƙwabcinmu a Kaduna, tsohon bakaniken jiragen soja da ya yi ritaya, ina jiran yabo. Bayan kwana biyu ya kira ni zaurensa, ya miƙo takardun. Duk inda jarumina ya yi harbi ya ɗiga jan biro, shafukan sun zama kamar masu ƙyanda. Ya sauke tabarau ya ce, "Ɗana, jirgin nan naka tirela yake ja?" Na ce, "Tirelar me, Baba?" Ya ce, "Ta harsashi mana." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shafi arba'in da biyu na yaga a daren, aikin wata uku.

Tun daga ranar, in zan rubuta faɗa sai na rubuta 15 a saman takarda, duk harbin da ya yi in rage. Wasu abokan rubutuna suna cewa ƙaƙale ne, ni dai ban fasa ba. Ranar da lissafin ya kai sifili jarumi yana tsakiyar abokan gaba da bindiga fanko, ranar na fara rubuta abin da ke sa mai karatu ya gyara zama. Haka mai ma. Messerschmitt 109 na Jamusawa, in ya tsallako ruwa daga Faransa ya iso Landan, abin da ya rage masa na faɗa bai wuce minti goma ba, dole ya juya. Mugun da ke cikin labarinku ma yana kallon allurar mai, ku bar shi ya kalla.

Na biyu ya fi ba ni haushi: zance a cikin jirgi. Ana tsakiyar artabu, wai jarumi ya ciro hoton masoyiya ya ƙura masa ido, har ya kira ta a rediyo yana "rabin raina". Haba jama'a! Mutumin nan a matse yake cikin wani ɗan akurki, ga sanyi, ga ƙarar inji, ga abin shaƙar iska ɗaure a fuskarsa. Wuyansa ba ya hutawa da waige, har ƙyallen siliki suke ɗaurawa don kada kwala ta goge musu fata, saboda abokin gaba ta cikin hasken rana yake faɗowa daga sama. Wanda ya tsaya kallon hoto, gawarsa za a kai. Rediyon kuwa na kowa ne, abokan tashinsa da mai ba da umarni a ƙasa duk suna ji.

Soyayyar a ƙasa take. Tana cikin zaman jira a bakin fili, matasa 'yan shekara ashirin da ɗoriya suna gyangyaɗi a kujera, kunne na kan wayar da in ta yi ƙara kowa zai ruga. Tana cikin garin da aka hana ko ɗigon haske ya fito ta taga da dare. Kuma ku daina zaunar da yarinyar a bakin taga tana kuka babi bayan babi. Matan rundunar sama ne suke tura alamomi a kan babbar taswira a ɗakin umarni, bisa rahoton na'urorin hango jirage da ke bakin teku. Ku sa ta a teburin nan, tana tura alamar ayarin saurayinta da sanda, ba damar ta nuna komai a fuska. Tun farkon 1940 ma akwai matan da ke tuƙa jirage suna kai wa sansanoni.

Rauni kuma, kowa sai ya ba jaruminsa ɗan tabo a goshi da zai ƙara masa kyau. Abin da matuƙa suka fi tsoro wuta ce. A Hurricane, wani jirgin yaƙin Birtaniya, akwai tankin mai a gaban matuƙi, in ya kama, fuska da hannaye ne ke fara tafiya. Likita Archibald McIndoe ya yi suna ne wajen gyaran irin waɗannan fuskoki a asibitin garin East Grinstead da ke Ingila. In kuna son gwada soyayyar yarinyar, ku kai ta ƙofar ɗakin nan.

Ƙananan kuwa ga su a gurguje. Babu kujera mai cilla matuƙi a jiragen nan, da hannu ake zuge murfi a fice da laima. Kujera ɗaya ce, ba a ɗaukar budurwa yawo. Hurricane ya fi Spitfire yawa a yaƙin 1940. Amurka ba ta shiga yaƙin ba sai Disambar 1941. Matuƙan ba duka Ingilishi ba ne, 'yan Poland kaɗai 145 ne. Sukari da ganyen shayi sai da katin rabo ake sayensu, ku rage liyafa. Kuma don Allah kada a ƙara kai lefe Landan.

Masu dagewa sai sun cusa Bahaushe cikin Spitfire a sararin Landan kuwa, kun bar jaki kuna dukan taiki. Daga Satumbar 1940 jiragen yaƙi ake kawowa cikin akwatuna tashar Takoradi, a Gana ta yau, a harhaɗa su, a tashe su su biyo ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena, El Fasher da Khartum har Alƙahira. Dubban jirage suka bi hanyar nan. Yanzu haka abin da nake rubutawa ke nan: Hurricane shida sun sauka Kano cikin hazon hunturu, ɗaya injinsa na tari, ga wani saurayi ɗan Fagge yana mirgino durom ɗin mai. A saman takardar na rubuta nisan da ke tsakanin Kano da Maiduguri, ina ragewa.