Kurakuran da aka fi yi wajen ƙiyasta yawan mutanen ƙauye

Kuskure na farko shi ne ɗaukar adadin ƙaramar hukuma a liƙa wa ƙauye. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta 2006, wadda ta nuna mutum miliyan 140 da ɗoriya, kuma alƙaluman da aka fi samu daga cikinta na jihohi ne da ƙananan hukumomi 774. Duk wanda ya ambaci adadin wani ƙauye, wajibi ne ya faɗi shekarar da kuma wanda ya ƙirga.

Na biyu shi ne mantawa da lokacin da aka yi ƙirgar. A watan Maris aka yi ƙidayar 2006, tsakiyar rani ke nan, lokacin da samari da magidanta da yawa suka tafi cin rani Kano ko Legas, makiyaya kuma suka gangara kudu da shanunsu. Ƙauyen da ya zama na mata da tsofaffi a Maris yakan cika maƙil da zarar damina ta faɗi, saboda haka a riƙa ware mazauna daga matafiya.

Inda aka fi yin tuntuɓe, a ganina, shi ne a ƙofar gida. Gida guda yakan ƙunshi uba da 'ya'yansa masu aure da ke noman gandu tare, wani lokaci kowa da tukunyarsa, don haka ƙirga zauruka a ninka da wani adadi aikin banza ne. A tambayi tukunya nawa ake ɗorawa, sannan wa da wa ke ci daga kowace. A kuma tafi da mace mai ƙirga, domin namiji baƙo a zaure zai tsaya, kuma uwa takan tsallake ɗan fari saboda kunya in ba a yi mata tambayar da dabara ba.

Shekaru ma sai an lura, domin amsar takan zama "talatin" ko "arba'in" cif. A gwada da abin da mutum ya shaida: kisan Sardauna a 1966, ko shigowar naira a 1973. Rajistar masu zaɓe kuwa ba ta maye gurbin ƙidaya, tunda babu wanda bai kai shekara 18 ba a cikinta, alhali yara ne kaso mai tsoka na mutanen ƙauye.