Yadda Ake Bin Sawun Karon Gungun Galaksi Da Rediyo Da Eksire

Idan kana so ka ga inda gungun galaksi biyu suka yi karo, to hoton da ido ke gani ba zai wadatar da kai ba sam. Su galaksin kansu wucewa suke yi ta tsakanin juna kusan ba tare da sun taɓa juna ba saboda tazarar da ke tsakaninsu, abin da ke haɗuwa gaba da gaba shi ne iskar gas ɗin da ta cika gungun, mai zafin da ya kai digiri miliyan goma zuwa ɗari. Wannan gas ɗin hasken eksire yake fitarwa, irin dai wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti.

Ni da gungun Abell 3667 na fara, kuma shi nake ba kowa shawara. Yana sararin kudu, nisansa ya haura shekarun haske miliyan 700, kuma an ɗauke shi sosai ta ɓangarorin biyu.

Da farko ka sauke manhajar duba hotunan sararin samaniya ta SAOImage DS9 a kwamfutarka, kyauta ce. Sai ka nemo hoton eksire a rumbun Chandra na NASA ko na XMM-Newton na Turai, dukkansu na'urorin hangen nesa ne da ke sararin samaniya, 1999 aka harba su kuma bayanansu a buɗe suke ga kowa. Na rediyo kuma ka nemi na MeerKAT, wato faranti 64 ɗin nan da ke yankin Karoo a Afirka ta Kudu, sun saki hotunan gungu 115 har da wannan. Fayilolin FITS ne, wato tsarin da masana taurari ke ajiye hotuna da shi, kuma suna da nauyi, gara ka bari sai dare lokacin da data ke araha.

Ka buɗe hotunan biyu, ka daidaita su da WCS, wato bayanin da ke cikin fayil mai nuna matsayin kowane ɗigo a sararin sama, don kowane wuri ya faɗa daidai kan ɗan'uwansa, sannan ka mayar da na rediyon layukan kewaye ka ɗora su a kan na eksire. A nan ne fa aikin yake. A tsakiya za ka ga gas ɗin ya miƙe ta gefe guda, yana da wani kaifin baki kamar an yanka shi da wuƙa, wannan gas ne mai ɗan sanyi da ke kutsawa cikin wanda ya fi shi zafi, Chandra ce ta nuna shi a 2001. Can nesa kuma a gefe biyu, arewa maso yamma da kudu maso gabas, akwai manyan baka biyu na rediyo da ake kira relik. Igiyar bugun karon ce ke tura ƙwayoyin lantarki (elektron) su yi gudu kusa da na haske cikin maganaɗisu, sai su fitar da rediyo.

Kuskuren da na yi a karon farko, na ɗora rediyon a kan hoton Chandra kaɗai sai na ga bakunan sun faɗa waje inda babu komai, na kwana ina zaton na ɓata daidaitawar, ashe idon Chandra ne ƙarami, bai kai can ba. Don gefen gungu XMM-Newton ya fi, da shi ma aka tabbatar da igiyar bugun a bakan arewa maso yamma.

Ka kula da ɗigo-ɗigon haske masu kaifi, yawanci galaksi ne masu baƙin rami (black hole) a tsakiya, ka cire su kafin ka auna komai. In kana da hoton rediyo a mita (frikwensi) biyu daban, kwatanta su: a frikwensi na sama bakin relik na waje ne ya fi riƙe ƙarfinsa, hasken yana saurin dusashewa in ka nufo tsakiya saboda lantarkin sun gaji bayan igiyar ta wuce. Ta haka za ka gane ta wane ɓangare igiyar take tafiya.