Yadda na rabu da murɗawar ciki daga garin furotin

Bayan tiyatar rage tumbi, likita ta ce in riƙa samun furotin giram 60 zuwa 80 kullum. Amma da na sha garin da nake damawa, sai kumburi da murɗawar ciki, wani lokaci har zufa da jiri.

Na duba bayan gwangwanin: konsantiret ne, wato furotin na madara da ba a tace sosai ba, mai sukarin madara, ga kuma sukarin da aka ƙara masa. Na koma aisolet marar zaƙi, wanda aka tace yawancin sukarin madararsa. Na kolajin (wanda ake yi da fata da ƙashin dabbobi) ko kallonsa ban yi ba, furotin ɗinsa ba ya ɗauke da duk sinadaran da jiki ke buƙata daga furotin.

Da ruwan sanyi nake damawa, tafasasshe gudaji yake sa shi. Ina kurɓa kaɗan-kaɗan kamar rabin sa'a, kuma cikin ya lafa.